Asibitin da ba shi da zaure

Ranar da aka buɗe asibitinmu bayan gyaran farko, ni ne na riƙe farantin da aka ɗoro almakashi a kai. A lokacin ina sakataren kwamitin ci gaban mazaɓa, ga kuma koyarwa a firamare, don haka duk takardar da ta shafi aikin ta hannuna ta bi. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada mai karatu ya zaci laifin wani na zo tonawa.

Ƙauyenmu yana bayan Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. In ka taso daga Gusau a kan kwaltar da ta nufi Tsafe da Funtuwa, dutsen ne zai fara yi maka maraba, daga nan sai ka sauka ka bi burji. Asibitin namu sha-ka-tafi ne mai ɗaki huɗu, an gina shi tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996. Shekaru sun ci shi. Kwano ya yi tsatsa, silin ya zama gidan jemagu, warinsu kuwa tun daga bakin ƙofa yake tarbar mara lafiya. Da damina in-caji yakan jera bokitai a ɗakin magani, ya kwashe katan-katan ya ɗora kan benci.

Sai Allah ya kawo wani mai hali da ke neman kujera, ya ce zai gyara. Ɗan kwangilarsa ya zo, kuma tsakani da Allah ya tambaye mu abin da muke so. Mu biyar muka zauna gindin darbejiya, dukanmu maza, ni ke rubutawa. Muka ce tayil mai sheƙi. Muka ce tagogin gilas masu turawa, irin na bankunan Gusau. Fenti fari da kore, get na ƙarfe, da babban allo wanda mai wucewa a kan babur zai iya karantawa. Babu abin da ba a yi mana ba. Ranar buɗewa makaɗa suka cashe, aka ɗauki hotuna, har na sa ɗaya a fuskar wayata.

Bayan wata shida na je duba littattafai don rubuta rahoto. Masu zazzaɓi suna zuwa, masu rauni suna zuwa, ranar rigakafi ma ba laifi. Amma rajistar haihuwa ba ta cika shafi guda ba, kuma matan da suka zo awo sau ɗaya, yawancinsu ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Nan take muka yanke hukunci, yadda maza suka saba in magana ta shafi mata: jahilci ne. Muka roƙi liman ya sa batun a huɗuba, ya sa. Mai shela ya zaga gari da maraice har sau uku. Ni da kaina na rubuta a rahoto cewa ana buƙatar ƙarin wayar da kai. Rajista dai tana nan yadda take.

A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Cikin waɗannan makonni ne naƙuda ta kama matar ƙanena, cikin fari. Tun da hantsi take kan gwiwa. Gwaggo ungozoma, wadda ita ta yanke cibiyar rabin garin, har da tawa, ta ga abin ya fi ƙarfinta ta ce a kai ta asibiti. Yarinya ta ce sai dare. Bayan isha'i aka ɗauke ta a amalanke. Malamar asibiti mai karɓar haihuwa ta koma Gusau tun la'asar, don ba ta da wurin kwana a garinmu, ga shi babu wayar da za a kira ta. In-caji, namiji, ya yi iyakar ƙoƙarinsa da tocila a baki, ruwa kuwa sai da aka buga wa maƙwabta ƙofa. Hanyar Gusau, da ba ta kai tafiyar rabin awa ba daga bakin kwalta, ba ta biyuwa da dare a irin wannan zamani. Da asuba aka sami mota. An ceto uwa, ɗan bai zo da rai ba.

Kwana uku ina ɗauke da abin a zuciya, sai na tari Gwaggo.

"Gwaggo, ke da kika san komai, me ya hana ku kawo ta tun da rana? Asibiti ga shi nan a bakin hanci."

Ba ta tanka ba. Ta jawo sandarta ta ce, "Taho, Malam."

Har cikin ɗakin haihuwa ta kai ni, ɗakin da ban taɓa shiga ba sai ranar buɗewa. Ta nuna gado da sanda. "Zamna nan." Na zauna. Ta buɗe ƙofa kamar mai shigowa da ruwa. "Mi kaka gani?"

Ƙofar tana kallon baranda, barandar tana kallon get ɗin da muka roƙa, get kuma yana kallon teburin mai shayi. A kan bencin mai shayi ga mahaifina zaune da abokansa, inda suke wuni kullum. Ina daga kan gadon ina ganin har kofin da ke hannunsa. Na juya wajen taga. Gilas ne tas, ƙasa-ƙasa, daidai kan yaro ɗan shekara bakwai.

"Yarinya da cikin hwari," in ji Gwaggo, "wadda ko sunan surukinta ba ta hwaɗi, ita za ta ratso gabanshi da rana tsaka tana dahe da ƙugu? Ta gwammace ta mutu ɗaki. Kuma saura kaɗan."

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa na taka har banɗaki, wanda yake can ƙarshen fili, sai an wuce gaban bencin maza masu jiran magani. Ta zuba ɗan ruwan buta a kan tayil ta ce in taka, na taka, santsi ya kusa kayar da ni. Ta tambaye ni ina za a dafa ruwan zafi, ina za a wanke mabiyiya kafin a kai ta gida a binne, ina mai jinya za ta shimfiɗa tabarma. Ko ɗaya ba ni da amsa. Sannan ta ce:

"Malam, gidanka na da zaure?"

"Akwai, Gwaggo."

"Don mi?"

"Don kada na waje ya ga cikin gida."

"To, kun gina ma mata gida ba zaure, kun koma kuna ce musu jahilai."

Gyaran gangar Auzinawa muka yi ashe. Tsohon ginin ma, duk da jemagunsa, tagoginsa na katako ne kuma a sama suke, sannan akwai wata tsohuwar darni da ta kare ƙofar, wadda mu muka sa aka cire don kada ta ɓata hoto.

Sake gyara sai da kuɗi, mai halin nan kuwa ya sami kujerarsa ya yi gaba. Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma abin da yake isowa ƙaramin asibiti daga wannan asusu na gudanarwa ne da ƙananan gyare-gyare, ba ya rushe bango ya tada wani. Sai muka koma ga kanmu. Manoma suka yi karo-karo da kaka, wani buhun waken suya, wani kwanon gero. 'Yan garin da ke zaune a Gusau da Kaduna da Abuja suka turo abin da ya sawwaƙa. Shekara biyu muna tari.

Cikin haka wata tsohuwar ɗalibata ta dawo gida daga bautar ƙasa. Zanen gine-gine ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Na kai mata kukana, na kuma kai mata sabon jerin buƙatu, don har yanzu ban daina halina ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke, ta sa a jaka.

"Malam, a ba ni mako biyu tukuna."

Mako biyun nan ko layi ɗaya ba ta ja ba. Sai in gan ta zaune a bencin jira tun safe, tana kallon ta inda mutane ke shigowa da inda suke tsayawa. Da yamma ta shiga gidaje, abin da ɗan kwangila ba zai taɓa iyawa ba, ta zauna da matan aure a tsakar gida tana zana ɗakuna a ƙasa da tsinke, su suna gogewa da ƙafa suna gyara mata. A nan ta gano cewa matan garinmu suna da hanyarsu ta daban, wani lungu da ya bi ta bayan gidaje ya ɓulla rijiya, kuma ya wuce daidai bayan katangar asibiti. Shekara arba'in ina garin nan, ban taɓa bin sa ba. Ni kuwa haƙurina ya fara ƙarewa, ina jin tsoron masu karo-karo su ce mun cinye kuɗi.

Wata rana da azahar, cikin bazara, ta tara mu a ɗakin kwanciya. Ta zo da kasko da garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ta ce a buɗe duk tagogi. Aka tura gilas, wanda rabi kawai yake buɗewa, don ɗaya yana hawa kan ɗaya ne. Hayaƙi ya tashi ya tokari silin, ya tsaya cak, sannan ya fara saukowa a kanmu. Mai unguwa ya shiga tari.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ta ce. "Abin da hayaƙin nan ya yi, shi numfashin mai tarin fuka ko mai ƙyanda yake yi a ɗakin nan, sai dai shi ba a ganinsa."

Ta ce tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa ɗakin kwanciya da ya dogara da iskar Allah yana buƙatar lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane majinyaci, kuma hakan ba ya samuwa sai iska ta sami mashiga a gefe guda da mafita a ɗaya gefen. Namu tagogin duk a bango ɗaya suke. Babu wanda ya yi mata gardama, don dukanmu mun tuna 2017, shekarar da sanƙarau ya fi yi wa Zamfara ɓarna a kan kowace jiha, aka riƙa kwantar da mutane a gindin itatuwa.

Baba Sarkin Magina yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba sai da aka watse. Tsoho ne da ya yi shekaru yana ginin soro da tubali kafin bulo ya kore shi daga kasuwa, kuma a gyaran farko ko sallama ba mu yi masa ba. Ita ce ta je har gida ta durƙusa ta gaishe shi ta gayyato shi. Da ta shimfiɗa masa zanenta na farko, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wata babbar taga.

"Ɗiyata, wanga bango ina ya duba?"

"Gabas, Baba. Don iskar safe."

"Hadari daga ina shika taso muna?"

Ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta dafe kai. Ruwanmu daga gabas yake zuwa da iskarsa, shi ya sa bangon gabas ne yake fara zaizayewa a kowane gida, shi ya sa kuma magabata ba su cika buɗe masa baki ba. Ta goge tagar. Manyan tagogi suka koma kudu da arewa, suna kallon juna, gabas kuma aka bar mata 'yan ƙananan kafofi can sama ƙarƙashin inuwar rufi.

Shi ma bai ci duka ba. Ya so a yi rufin soro da azara, ya ce babu abin da ya kai shi sanyi, kuma gaskiyarsa ne. Ya kawo misalin Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ita kuma ta ce ta sha shiga cikinsa tana ɗaliba. Amma ta ce masa ɗakin da jini zai zuba dole ya wanku tun daga ƙasa har bango, ga azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci, sannan wa zai riƙa hawa yaɓe duk shekara? Ta nuna masa hotuna a waya: cibiyar lafiya da Francis Kéré ya gina a garin Léo na Burkina Faso, mutumin da ya ci babbar lambar yabo ta Pritzker a 2022, da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar, wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka kammala a 2018 da bulon ƙasa. Baba ya ƙura wa hoton Dandaji ido.

"Wannan ai ƙasa ce."

"Ƙasa ce, Baba. An dai matse ta a inji, an sa mata siminti kaɗan."

"Ashe ba mu mutu ba," in ji shi.

A kan haka suka daidaita. Sabon ɓangaren an yi shi da bulon jar ƙasa mai kauri, shi ya zaɓi inda za a haƙo ta, yana murza ta a tafin hannu yana shinshinawa. Kwano kuma aka ɗaga shi sama da silin, aka bar rata a tsakani da raga a kewaye, iska na wucewa tana kwashe zafi, jemage kuma bai sami mashiga ba.

Rigima mafi girma a kan ƙofa aka yi ta. Ta ce a mayar da ɗakin haihuwa baya, a fasa katanga ta wajen lungun mata, a yi ɗan zaure mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, yadda wanda ke waje ba zai hango ciki ba. Wasu 'yan kwamiti suka ce allon marmara mai sunan mai halin nan yana jikin tsohuwar ƙofar, in ya ji an taɓa, mun ja wa gari. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗan ja baya. Mai unguwa ne ya raba gardama. Ya ce kada a taɓa allo ko da farce, a bar ɗakin da tayil ɗinsa da gilas ɗinsa, a mayar da shi wurin ba da magani da duba maza. "Su da ke son a gan su, ga wuri nan," in ji shi. Har yau allon yana nan, muna goge shi duk sallah.

Sauran aikin ƙanana ne a ido, amma su suka ci yawancin kuɗin. Banɗakin mata ya shigo cikin shingensu, taku kaɗan daga gado, raminsa kuma aka haƙa shi ta gangare, fiye da mita 30 daga rijiya. Aka sa tanki a sama da famfo a ɗakin haihuwa. Daɓen ya zama mai kaushi, an karkata shi zuwa magudana. Matakala uku da ke bakin shiga aka mayar da su gangara mai sauƙi, tashin taku ɗaya a tsawon taku goma sha biyu, don amalanke da keken guragu su hau. Aka kafa rumfa da murhu biyu saboda masu jinya da ruwan zafi. Aka sa faifan sola da ke ba da fitila da kuma firjin rigakafi, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 ko da rana na dafa ƙwai a waje. Ta yamma aka dasa darbejiya huɗu, aka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Sannan ciki da falo da kewaye, a cikin katanga, na malamar asibiti. Wannan ne na so a soke da kuɗi suka yi ƙasa, na ce mu fara da fenti tukuna. Ɗalibata ta dube ni ta ce, "Malam, daren nan wa aka rasa, fenti ko malama?" Ban sake tada maganar ba. Har yanzu bayan ginin ba fenti.

Muna cikin aikin ne, a Janairun 2024, na ji a rediyo Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147, ina zaton kuma kowace da irin namu sha-ka-tafin, da kwamitin maza irin namu da ke jira a gindin bishiya da takarda a hannu. Na san abin da za su rubuta, don ni na taɓa rubuta shi. Da ina da iko, babu ɗan kwangilar da zai sauke buhun siminti sai an zaunar da shi a kan gadon haihuwa an buɗe masa ƙofa.

Ba a yi bikin buɗewa ba. Liman ya yi addu'a da safe, Gwaggo ta shiga ta sabon zauren tana dogara sanda, ta leƙa ko'ina, ta murɗa famfo ta ga ruwa, ta kalli tagogin da ke sama da kanta. Abin da ta ce kawai shi ne murhun ya yi kusa da rumfa, hayaƙi zai dami maijego. Aka matsar da shi a ranar.

Malama ta tare da yaranta biyu. Gwaggo kuma ba ta rasa sana'a ba, ita ke rako mata ta lungu, ta zauna a gefe har a sauka, ta karɓi mabiyiya ta wanke. Rajistar da ta kasa cika shafi a wata shida sai da aka sayo wata. Ba komai ya warware ba: mai buƙatar tiyata ko ƙarin jini har gobe sai Gusau, hanyar kuma tana nan yadda aka san ta da dare.

Da daminar da ta biyo baya, wata Laraba, na taso daga makaranta na tsaya wajen mai shayi. Mahaifina yana zaune a wurinsa. Muna cikin hira sai ga ƙaramin yaro a guje, ya ce wai a gaya wa Baba an sauka lafiya, an sami mace. Tsoho ya ce a gidan wa? Yaro ya ce matar ƙanena ce, tun da hantsi tana asibiti. Mahaifina ya juya ya kalli get ɗin da ke gabansa, ya kalli mai shayi. Mai shayi ya rantse tun asuba bai ɗaga daga wurin ba, kuma bai ga shigarta ba.